Wutar Lahadi a Tanderun Bakin Kogi

Elva Zadow ta fara sa hannu a tanderun bakin kogi tun kanta bai kai bakinsa ba, sai an ajiye mata akwatin lemu ta taka. Yanzu ta haura saba'in, gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa da safe, kuma ita kaɗai ta rage a Krossen Flat da ke gane zafin tanderun da bayan hannu.

Tanderun yana bayan zauren cocin Lutheran, a titin ƙasa da ya gangara mashigar jirgin fito. Kakannin mutanen garin ne suka gina shi, waɗanda suka baro ƙasar Jamus suka ƙetaro teku, sannan suka ƙetaro tsaunuka da amalanke, suka sauka a wannan gaɓa ta kogin Murray. Da dutsen farar ƙasa da yumɓu suka yi shi, rufinsa ƙubba, daɓensa jan bulo. Ranar Asabar ake kunna shi. Burodi ne ke fara shiga, sai kuchen, kek ɗin nan mai barbaɗin man shanu da sukari, sannan a ƙarasa sauran ɗumin da busar da 'ya'yan itace. Kafin ƙararrawar faɗuwar rana an kwashe toka, an share, an rufe. Lahadi ba a aiki. Haka kakar Elva ta koya mata, kuma haka ta riƙe: ba ta taɓa ɗaukar allura ko tsintsiya ranar Lahadi ba, ko lokacin da take yankan 'ya'yan itacen apricot a rumfar shanya tana budurwa, ko a shekarun da mijinta Norm ke tuƙa jirgin fito tana renon yara uku. Yaran duk suna birnin Adelaide yanzu. Norm yana maƙabartar tudu.

Da ambaliyar ƙarshen nan ta zo, titin ƙasa ya shige ruwa, tanderun ya yi makonni a jiƙe har bakinsa. Bayan ruwan ya janye sai kwamitin tarihin gari ya zauna. Shugabansa Des Kroehn ne, ɗan ƙanin mahaifin Elva, wanda suka yi aji ɗaya a firamare kuma tun daga nan ba su daina tsokanar juna ba. Kwamitin ya riga ya kafa allon bayani a cocin, da tsohon ɗakin injin ban ruwa, da gidan mai fito. Shawararsu ita ce tanderun ma a kafa masa allo, a toshe bakinsa da ragar ƙarfe, baƙi su leƙa su wuce.

"Raga?" in ji Elva. "Zaki ne a ciki?"

"Elva, bangon ya sha ruwa. In ƙubbar ta rufto a kan wani, ni za a nema."

"A kaina za ta rufto. Wa ke sa kai a ciki ban da ni?"

"Kanki ai ba abin da zai same shi. Dutsen nake ji wa tsoro."

Sun ɗauko magini daga garin da ke sama da su, wani mai suna Trevor da ya saba gyaran tsofaffin gine-ginen dutse. Ya zagaya tanderun, ya ƙwanƙwasa, ya dafa bangon da tafin hannu. Ya ce akwai hanya ɗaya: a busar da shi a hankali da 'yar ƙaramar wuta, kullum, kada a bari ya huce, har ruwan da ke cikin yumɓun ya fita. In aka yi gaggawa zai fashe. In ya tsage daga sama har ƙasa, to shi da kansa zai sa ragar. Kwamitin ya ba Elva zuwa bikin cikar cocin shekara, a watan Yuni. In ba a ci kuchen ɗin tanderun a ranar ba, an gama magana.

Ta fara ranar Litinin. Da safe takan gangaro da ƙiraren inabi a bayan tsohuwar motar Norm, ta haɗa wutar da ba ta fi cikin kwanon miya ba a tsakiyar daɓen, ta zauna a kujerar roba tana kallonta. Da rana ta ƙara, da yamma ta ƙara. Bangon ya riƙa gumi, wani wari na laka da ruɓaɓɓen ciyayi yana fita. Zuwa Juma'a dutsen ya fara haske daga sama. Ranar Asabar kafin ƙararrawa ta kwashe tokar, ta share, ta rufe ƙofar, ta tafi gida. Ba ta yi shawara da kowa ba, don a wurinta ba abin shawara ba ne. Da Trevor ya ce kullum, ita kwanakin aiki ta ji.

Litinin da safe ta tarar da bangon ya yi sanyi, danshi ya hau shi daga ƙasa, farin gishiri ya fito a jikin dutsen. Ta kunna wuta kamar yadda ta saba. Kafin tsakar rana ta ji ƙara kaɗan, kamar an karya tsinke. Tsaga ce, siririya, daga bakin tanderun ta yi sama kamar tsawon hannu.

Trevor ya zo ya duba tsagar.

"Tante Elva, kin bar shi ya huce." Tante, wato gwaggo da Jamusanci.

"Jiya Lahadi."

"Ni na sani. Shi bai sani ba. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa cike take da ruwa, kina ɗauke wuta yana sake sha. Wannan zan iya cike ta da farar ƙasa. In kika sake, ba zan iya ba."

Duk wannan makon tana zaune gaban wutar tana juya maganar. Ta tambayi fasto, matashi ne da ke zagaya coci huɗu. Ya ce mata ba laifi ko kaɗan ta kunna wutar ranar Lahadi. Ta yi masa godiya, amma hankalinta bai kwanta ba, don ta taɓa ganinsa yana wanke mota ranar Lahadi. Des ya biyo da karensa ya tsaya.

"Ke ba kya kunna butar shayi ranar Lahadi?"

"Buta ba aiki ba ce."

"Abin ɗumama ɗaki fa?"

"Des, ka ja karenka ka tafi, yana min fitsari a itace."

Wadda take jin nauyinta da gaske ita ce Merle, yayar marigayi Norm, mai zama a layin gaba a coci, wadda ta taɓa daina gaisa da maƙwabciyarta wata guda saboda ta shanya wanki ranar Lahadi. Gidan Merle kuwa yana kallon tanderun, hayaƙi ba zai ɓoyu mata ba.

Elva ta gwada dabara. Da yammacin Asabar ta sa babban kututturen mallee, itacen nan mai tauri da ke daɗewa yana ci, ta rufe shi da toka, da fatan zai kai Litinin ba tare da ta taɓa shi ba. Lahadi da safe a hanyar coci ta ratse ta dafa bangon. Ɗumin ya kusa ƙarewa. Ta leƙa, kututturen ya zama toka sai ɗan garwashi a gefe.

Ta shiga coci ta zauna a wurinta. Ba ta ji huɗubar ba. Da aka tashi, mutane suka nufi zaure shan shayi, ita kuwa ta zagaya baya da hularta da takalmin cocinta. Ta cire safar hannu ta sa a jaka, ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta so, ta karya ƙirare ta jera a kan garwashin, ta hura. Hayaƙi ya tashi ya bi ta kan rufin zauren, inda duk wanda ke riƙe da kofi zai gan shi.

Da ta ɗago, Merle na tsaye a bayanta da sandarta.

"Abin da Mutter ta koya miki ke nan?" Mutter suke kiran kakar Elva, duk garin.

"Mutter ba ta taɓa ganin tanderunta da raga a baki ba."

Merle ta kalli wutar, ta kalli tokar da ta ɓata gaban rigar Elva.

"Kin cika ƙirare a gefe guda," ta ce. "Bayan zai zauna da sanyi."

Merle ba ta taɓa ko tsinke ba, ta juya ta tafi. Ba ta gai da Elva a shago ba ranar Talata, ba ta gaishe ta ba ranar Alhamis. Amma kowace Lahadi bayan coci sai ta zo ta tsaya da sandarta, ta faɗi abin da aka yi ba daidai ba. Elva ta ci gaba da kunnawa. Ba ta ce wa kowa ta canza ra'ayi ba, don ba ta canza ba. Ta ce wa Des ta san abin da take yi, kuma in akwai amsa tambaya ita za ta amsa, ba kwamiti ba.

Sanyi ya shigo, hazo ya riƙa kwana a kan kogin. Gumin bangon ya ragu, ya tsaya. Trevor ya ba da izinin ƙara wutar kaɗan kaɗan, har aka kai ga cika tanderun da mallee ranar Asabar ɗin jajibirin biki. Elva ta bar wutar ta ci ta cinye, ta janye garwashin, ta goge daɓen da jiƙaƙƙen buhu a kan sanda. Ta zura bayan hannunta ta janye. Trevor yana gefe yana kallon tsagar da ya cike. Des ya zo da ragar a bayan motarsa, ya ce don kada a yi tafiya biyu.

Tire shida na kuchen ta sa. Huɗu sun fito yadda ake so, saman ya yi ja, ƙasan ya gasu. Biyun da ke kusurwar baya ta hagu sun fito da ɗanyen ciki. Trevor ya jira tanderun ya ɗan sarara, ya haska ciki, ya bi ƙubbar da ido daga wannan gefe zuwa wancan. Tsagar ba ta motsa ba. Ya ce kusurwar can ba za ta sake ɗaukar zafi kamar da ba, ruwa ya riga ya canza ƙasan, amma ƙubbar za ta riƙe.

Des ya karya gefen kuchen ɗaya da zafinsa ya ci a tsaye.

"Gishiri ya yi kaɗan."

"Mayar da ragarka," in ji Elva.

An kafa allon bayanin a mako na gaba, a gefe, inda ba zai tare wa mai riƙe da tire hanya ba. Tire huɗu Elva ke sawa yanzu, kuma mata biyu daga sababbin gidajen tudu sun fara zuwa ranar Asabar suna koyon zura hannu.