Katangar da Ban Ƙwanƙwasa Ba

Ina tsaye a tashar Maigatari da hantsi wayata ta yi ƙara. Malam Isa ne, yayan abokina Haruna. Ya ce, "Bala, sai haƙuri. Haruna ya cika da asuba." Na yi salati, amma bakina ne kawai ya yi. Mutumin da jiya da la'asar ya miƙe a gabana, ya kakkaɓe wandonsa, ya hau babur da ƙafarsa ya nufi Gumel? Har yau abin bai zauna mini ba.

Haruna ɗan dako ne, mai lodin buhuna a manyan motocin da ke shiga Nijar. A gidan kallo ya fara ganin wasan nan da ya cika finafinan faɗa na zamani, inda jarumi ke gudu a kan rufin gidaje yana dira daga katanga zuwa katanga. Mu mun kalla mun tafa, shi kuwa ya koya. Ni ne mai ɗaukarsa a waya muna saka wa jama'a su gani.

Masu cewa ganganci ne ya kashe shi ba su san shi ba. Bai taɓa hawa katangar gida ba sai ya yi sallama da maigidan, an sanar da matan ciki. Yakan ce, "Gidan mutane ba fim ba ne." Kuma kafin kowace dira sai ya bi katangar yana ƙwanƙwasa ta da tafin hannu, kunnensa a jikinta. Idan na yi masa tsiya sai ya ce, "Ta 'yan fim ta siminti ce, tamu ta ƙasa. Bayan ruwa fuskarta kan bushe, cikinta yana jiƙe."

Ran nan muna wani kango a Sule Tankarkar, kwana biyu da yin ruwa. Rana ta yi ƙasa, ina ta azalzalarsa kada haske ya tafi. Yana durƙushe yana ɗaure takalmi ya ce, "Bala, ka ƙwanƙwasa katangar?" Kallonta kawai na yi daga nesa, na ga ta bushe fes. Na ce eh. Katangar ta ɓare a ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗo ta gefen ciki. Ya tashi yana dariya, ya ce ba komai. Ashe jini ne ke zuba a cikin jikinsa.

Kwana uku ina zaman makoki da wannan magana a ƙirjina. Da na kasa, na faɗa wa Malam Isa. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Amma shiga ka faɗa wa Inna da bakinka."

Na durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyar tasu na faɗa mata duka. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Da bai yarda da kai ba, da bai tambaye ka ba. Kada ƙafarka ta ɗauke daga gidan nan, 'ya'yansa sun saba da kai."

Allah Ya jiƙan Haruna, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna da matarsa Rabi haƙuri, Ya raya marayunsa biyu cikin albarka. Ni kuma, Allah Ya yafe mini "eh" ɗin nan.