Akwatin da Don Eleuterio Yake Zama a Kai

Shekara arba'in da shida Don Eleuterio Tapullima ya yi yana kaɗa jita a birnin Iquitos na bakin kogi, tun zamanin da ake rawar kumbiya a kan daɓen katako, maza cikin farar riga a goge, ba mai shiga fili da silifa. Duk tsawon lokacin nan amfilifaya ɗaya ya riƙe don ƙara sautin jitarsa, wata baƙar akwati mai ƙwayayen gilashi a ciki, wadda sai ta yi minti huɗu tana ɗumama kafin ta yarda ta yi magana. Bara kogi ya cika, ruwa ya shiga unguwar Belén har ɗakinsa. Da mai gyara ya buɗe bayan akwatin, laka ya tarar, da kyankyasai goma sha ɗaya, da kwaɗo guda mai rai. Ya cire hularsa ya yi wa tsohon ta'aziyya.

Da a ce akwatin kaɗai ce ta gaji, da da sauƙi. Yatsunsa ma sun fara kumbura a gaɓoɓi, da safe sai ya jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su miƙe. Ga shi yana da waƙoƙi tara na kansa da ba a taɓa ɗauka ba. Idan yatsun suka rufe, sun rufe da su.

Maribel, 'yar amininsa, tana da ɗakin ɗaukar sauti a saman wani shagon injin kwalekwale. Ta ce ya zo, kwamfutarta tana kwaikwayon muryar kowace amfilifaya da aka taɓa ƙerawa, har da irin tasa. Ta zaunar da shi a kujerar roba, ta jona jitar da kwamfutar kai tsaye, ta ɗora masa abin sauraro a kunne.

Ya kaɗa kaɗan ya tsaya. "Wannan ai warin asibiti yake yi."

"Kawu, sauti ba ya wari."

"Naki yana yi."

Ta rage kaifin, ta ƙara masa amon ɗaki, ta sa masa ɗan gurnanin nan na tsohuwar wayar lantarki. Duk wanda ya ji zai rantse baƙar akwatin ce ta tashi daga kabari. Amma kiɗan bai tashi ba. Kwana uku yana zuwa, wani lokaci ya riga gangar da ta kunna masa a kwamfutar, wani lokaci ya biyo ta a guje. Ran na uku Maribel ta gaji.

"Kawu, ka yi haƙuri, sautin ba shi da laifi. Kai ne kake kiɗa kamar mai cike takarda a ofishin gwamnati."

"Ni? Ubanki da kiɗana ya samu uwarki."

"To da wannan ne da ba a haife ni ba."

Bai yi dariya ba. Ya dubi yatsunsa, ya fara tunanin ko sun riga sun tafi ne ba su yi masa sallama ba.

Ana cikin haka matarsa, Doña Zoraida, ta hawo bene da kwanon dakakkiyar ayaba da gasasshen nama. Ta tsaya a ƙofa tana kallonsa.

"Wa ya ɗora shi a kan kujera?"

"A ina zai zauna, Inna?"

"A kan akwatinsa mana! Ke, tsohon nan kunnensa ya daɗe da mutuwa. Ko kiransa cin abinci sai na jefe shi da murfin tukunya. Da ɗuwawu yake ji."

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah," in ji shi.

"Ƙarya nake yi? Shekara nawa kana zaune a kanta tana girgiza ka? Ni nake ɗinke wandunan."

Gaskiyarta. Makaɗan zamanin da, wurin zamansu ke nan, don gidajen rawa ba sa ba makaɗi kujera. Shi kansa bai taɓa lura cewa ta ƙasa bugun yake iso masa ba.

Washegari aka ɗauko gawar akwatin a keke mai ƙafa uku. Maribel ta kwashe kayan cikin da suka ruɓe, ta ɗaura wata sifika mai araha, ta tura mata sautin kwamfutar. Ta kafa makirufo guda a kusurwa don ya kamo amon ɗakin da karkarwar katakon, ta ɗan gauraya da na kwamfutar, kamar gishiri a miya. Don Eleuterio ya cire abin sauraron, ya hau, ya gyara zama sau biyu, ya taɓa igiya ta farko.

"Ƙara," ya ce. "Bai iso ƙugu ba."

Ta ƙara. Ya lumshe ido. Mai shagon ƙasa ya hawo don ya yi ƙorafin hayaniya, ya ƙare a tsaye bakin ƙofa yana kaɗa kafaɗa, sifana a hannu.

Cikin kwana goma sha biyu suka ɗauki waƙa takwas, kullum da hantsi, lokacin da yatsun suke da biyayya. Ta taran mai sauri ce, ya gwada sau bakwai, doguwar yatsarsa ta tsakiya ta ƙi lanƙwasa. Ya daɗe yana kallon yatsar. Sai ya ce a kashe gangar, ya kaɗa waƙar a hankali, rabin saurinta, ba tare da ya tsallake ko ɗaya daga cikin muryoyinta ba.

Da ya gama Maribel ta ce, "Kawu, a sake?"

"A sake da me?" Ya miƙa mata jitar. "Zo ki kama ni in sauka, ƙafata ta yi sanyi."