Tumakin Maman Éric

A layin masu yadi, bayan babbar kasuwar Garwa, akwai wata 'yar rumfa mai ƙofar kwano da aka shafa wa shuɗin fenti. Shekara goma sha biyar Albertine ta yi a cikinta tana buga wa mutane takardu. Ba mai kiranta da sunanta. Maman Éric ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. 'Yar ƙaramar mace ce mai siririyar murya, kuma idan yatsunta suka hau madannan kwamfuta, sai ka ji kamar yayyafin farkon damina a kan rufi.

'Yar Poli ce, daga gindin duwatsu. A makarantar mishan ta koyi bugun tafireta, wurin wata sista da ke lulluɓe musu hannu da ƙyalle don kada ido ya taimaki yatsa. Aure ya kawo ta Garwa. Mijinta Olivier direban motar auduga ne, kuma a shekarar da ɗansu Éric ya shiga lise, wato babbar sakandare, motar ta kife da shi a hanyar Ngaoundéré. Bayan makoki ta sayi tsohuwar kwamfuta da injin fitar da takarda, ta kama rumfar nan.

Kwamfutar ta zo da manhajar nan ta Windows da mutanenmu ke kira Ikispe. Idan an kunna ta, takan yi wani ɗan kiɗa gajere, sannan koren tudu ya bayyana a ƙarƙashin shuɗin sama. Ranar da Albertine ta fara ganin tudun, ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, "Wannan ai bayan gidanmu ne a watan Agusta."

Takarda ba ta daɗewa a ƙauye. Gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa, ko gobara ta lashe. Don haka duk wanda aka buga wa abu mai nauyi, yakan sunkuyo ya rage murya ya ce, "Mama, ajiye mini." Ita kuwa ba ta taɓa sa wa takarda suna ba, lambar da kwamfuta ta ba ta, ita ke nan. Abin da take yi shi ne ta ja 'yar farar alamar takardar da linzami, ta kai ta mazauninta a kan tudun. Mutanen Poli na hagu. Mutanen Ngong na ƙasa, a jere kamar shagunan bakin titi. 'Yan cikin gari na sama, a gindin gajimare. Wanda ya rasu kuma takan matsar da tasa can dama, inda koren ya fi duhu. Ɗari da goma sha huɗu ne, farare fat, warwatse a kan ciyawa. Tumakina, haka take kiransu.

Maƙwabcinta Alhaji Mahamat, mai sayar da atamfa, wanda kakansa ya zo daga Kano da jakuna, yana da 'yar kwamfutar cinya mai sabuwar Windows da 'ya'yansa suka saya masa. Kullum sai ya leƙo.

"Maman Éric, wannan tsohuwar taki ai ta isa ritaya."

"Kai ma ka isa, Alhaji, ga ka nan kana ta auna yadi."

"Kafin taki ta farka, tawa ta yi sallah ta karya kumallo."

"Taka kuma kullum cewa take a dakata tana gyara kanta. Amarya ka sayo, ba ma'aikaciya ba."

Ɗalibai ma sukan zo da kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a gefen kwamfuta, su tsaya suna gardama a bakin ƙofa. Wannan ya ce kwamfuta mai hoton tuffa ita ce sarauniya, wancan ya ce ta masu gayu ce kawai. Albertine takan saurara tana murmushi, yatsunta ba su tsaya ba. In an tambaye ta, sai ta ce kowa da tuwon da ya saba.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, ciwon sukari ya ci idanunta. A hankali ya ci, cikin shekara uku, har haruffa suka narke mata kamar gishiri a ruwa. Likita ya ce an makara. Amma kore bai tafi ba, shuɗi ma bai tafi ba, kuma fararen ɗige-ɗigen nan tana hango su dishi-dishi, kowanne a inda ta tsayar da shi. Bugu ba ya bukatar ido, sista ta riga ta tabbatar mata da wannan tun tana yarinya. Idan ta gama wasiƙa, takan fuskanci allon kwamfutar ta karanto wa mai ita daga farko har ƙarshe, alhali daga kanta take zubowa. Idan wani ya zo neman ajiyarsa, sai ta kai linzami kan tunkiyarsa, ta danna sau biyu, yatsu su yi sauran. Tsoronta ɗaya ne: ranar da aka gane, ba wanda zai sake miƙa sirrinsa ga makauniya, kuma ɗanta zai ɗauke ta daga rumfar ya zaunar da ita a tsakar gida.

Éric ya girma ya zama injiniyan kwamfuta a Duwala, kuma ya riƙe manhajar Linuks kamar addini. Duk sanda ya kira waya sai ya yi mata wa'azi: kyauta ce, ba ta da nauyi, ƙwayoyin cutar da ɗalibai ke kwasowa a kile ba sa kama ta, kuma masu Ikispe sun daina kula da ita tun shekaru. Gaskiya yake faɗa. Ita dai takan ce, "Bar mini tsohuwata." Ba ta taɓa faɗin dalili ba, shi kuma ya ɗauka taurin kan tsufa ne.

Da bikin Ista na shekarar dubu biyu da goma sha tara ya zo gida, unguwar Poumpoumré. Ranar Lahadi ya ce kansa na ciwo, ba zai je coci ba. Tana fita ya ɗauki makullin rumfa. Yaro ne mai tsantseni: ya kwashe takardun kaf, ya duba sau biyu bai bar ko ɗaya ba, sannan ya goge tsohuwar manhajar, ya zuba sabuwa. Takardun ya jera su tsaf a jaka guda, bi da bi, daga lamba ɗaya zuwa ta ƙarshe.

Da yamma ya riƙo hannunta ya kai ta. "Rufe idonki, Mama," in ji shi, yana dariya. Ya kunna. Ba ta ji kiɗan ba. Da ta buɗe ido, wani duhu ne mai launin makuba ya cika allon, ba tudu, ba sama, ba ko tunkiya ɗaya.

"Kin ga sauri? Ba abin da ya ɓata, duk suna nan a jere. Ki karanta kawai ki zaɓa."

Ta dafa teburin. Tana jin farin cikinsa a numfashinsa, irin na ranar da ya kawo mata sakamakon jarrabawar bakaloriya.

"Ya yi kyau, ɗana," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Washegari da sassafe ya hau motar Ngaoundéré don ya riski jirgin ƙasa.

Ba ta daɗe da buɗe rumfa ba sai ga Parfait, wani manomin auduga daga Ngong, ya sauka daga kan babur. Shekara shida da suka wuce mahaifinsa, Baba Ghislain, ya zauna a kan bencin nan ya zayyana mata iyakokin gonarsa: daga tsamiya zuwa suri, daga suri zuwa rafi, da sunayen shaidu huɗu da suka ga ranar da aka ba shi ita. Yanzu tsohon ya rasu, gara ta cinye takardar, wani ya shigo gonar da garma, kuma gobe jauro, mai garin, zai zauna a kan maganar.

"Baba ya ce yana da ajiya a wurinki, Mama. Sunayen shaidun nan nake nema, ni ina yaro lokacin."

Ta san wurin. Dama, inda koren ya fi duhu, ta uku daga ƙasa. Hannunta ya kai linzami can da kansa, ya danna sau biyu a kan wofi. Ta sake. Ta danna maɓallan da ta saba, wani abu ya buɗe da ba ta san ko mene ne ba. Gumi ya keto mata. Parfait ya yi tsaye yana juya hularsa.

Sai ta ɗaga murya. "Alhaji! Useko, don Allah zo ka ara mini idonka."

Alhaji Mahamat ya shigo da ma'aunin yadi rataye a wuya, bakinsa ɗauke da tsokana. Da ya ga fuskarta sai ya haɗiye ta.

"Ba na gani, Alhaji," ta ce, a gaban Parfait, a gaban mata biyu da ke jiran layi a kan benci. "Na daɗe ba na gani."

"Na sani," in ji shi a hankali. "Shekara biyu ke nan ba kya gaishe ni sai na yi gyaran murya. Matsa mini."

Faransancinsa na aji huɗu ne da na kasuwa, yana tuntuɓe a kan kowace kalma. Ya buɗe takarda ta farko ya fara karantawa.

"Rufe," ta ce. "Ta Marthe ce, mai wainar bakin tasha. Sama, kusa da farin gajimare."

Ya buɗe ta biyu. Kalma biyar ya karanta.

"Rufe. Hagu, ta biyu daga sama. Kar ka duba sunan."

Haka suka yi ta tafiya. Takardar asibiti da wani ya ɓoye wa iyalinsa. Wasiƙar neman gafara da ba a taɓa aikawa ba. Wasiyya. Kowace ta gane ta daga layin farko, ta faɗi mazauninta a kan tudun da babu shi, kamar mai kiran sunayen gidajen ƙauyen da ruwa ya share. Alhaji na ƙoƙarin kada idonsa ya zarce, amma ido ba ya tsayawa inda aka ce masa. Matan da ke kan benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

A ta sittin da wani abu Alhaji ya fara karantawa, sai ya tsaya. Wasiƙarsa ce zuwa ga babban ɗansa, wanda ya bi hanyar Libiya shekara takwas ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba adireshin da za a aika ta, shi ya sa ya ce a ajiye masa.

"Kana tsakiya, Alhaji," ta ce. "Daidai kan ƙoƙon tudu. Ban kai yaronka dama ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya buɗe ta gaba.

Bayan azahar suka kai ga tsamiya da suri, a takarda ta tamanin da uku. Alhaji ya kira ɗaya daga cikin masu gyaran waya ya nuna musu yadda ake fitar da takarda a sabuwar manhajar. Parfait ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa har ƙasa, ya ruga neman motar Ngong. An ce biyu daga cikin shaidun na raye, kuma gonar ta tsaya a hannunsa.

Albertine ta laluba ta kashe kwamfutar, ta lulluɓe ta da tsohon zanen da take kare ta daga ƙura.

"Gobe sai in riƙa leƙowa ina karanta miki," in ji Alhaji. "Yadi ba ya gudu."

"A'a, Alhaji. Ni suka ce in ajiye musu, ba mu biyu ba."

Ba ta sake buɗe rumfar ba.

Alhaji ne ya kira Éric ya gaya masa. Éric ya dawo cikin mako guda, ya durƙusa gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa me ya sa ba ta faɗa masa ba. Ta shafa kansa ta ce da ta faɗa, ai da tun bara ya rufe rumfar da hannunsa. Bai musa ba. Ya ce zai iya mayar da Ikispe, amma wurin da kowace takarda ta tsaya ya tafi tare da abin da ya goge. Ta ce ya bari. Ko an mayar, ai gari ya riga ya ji.

Abu ɗaya ya yi. Ya kawo kwamfutar gida Poumpoumré, ya nemo hoton koren tudun ya sa a fuskar Linuks ɗinsa. Takardun kuwa ya fitar da su ɗaya ɗaya ba tare da ya karanta su har ƙarshe ba, yana gaya mata kalmomin farko, tana faɗin mai ita, aka rufe kowace a ambulan aka aika wa masu su. Ta Alhaji kaɗai ta ƙi bayarwa, shi ma bai nema ba.

Shekara biyu ta yi bayan haka kafin ta rasu. Ni da na taɓa kawo mata bugu a rumfa, na ziyarce ta sau ɗaya a daminarta ta ƙarshe. Na same ta a zaune a ɗaki da hantsi, kwamfutar a kunne, fuskarta dab da allon, hannunta a kan linzami ba ya motsi. Koren ya haske mata kumatu. A ƙoƙon tudun akwai farin ɗigo guda, Éric ya sa mata shi inda ta nuna.

Na tambaye ta ko sabuwar manhajar na aiki da kyau.

"Tana da sauri," ta ce. "Yaron ya san aikinsa." Ta ƙara matsawa kusa da gilashin. "Duba mini, Malam. Tana nan, ko idona ne?"

Na ce tana nan.