Tukunyar da Na Tono a Manhattan

Lokacin ina aikin kula da wata tsohuwar Baturiya, tana kan keken guragu amma ga son yawo. Ran nan ta ce in tura ta wani ɗakin nuna zane-zane a Manhattan. Muka shiga, ba zane ko ɗaya. Yashi ne aka jibge cike da ɗakin, ga mutane da sutura mai tsada sun durƙusa suna tono da ƙananan shebur.

Ta ce, "Mama, tono mini." Ta girme ni fa, amma Mama take ce mini.

Akwai rubutu a bango, to ban daɗe da fara koyon karatu ba. Kafin in haɗa layin farko hannuna ya taɓa abu. 'Yar tukunya ce ja, da fuskar mutum a jiki, kunnuwa fato-fato. Ta ce ta bar mini.

Sai a jirgin ruwa muna komawa gida ta yi mini bayani. Wai a ƙasar Peru akwai masu tone kaburburan mutanen da, su sayar da tukwanen da aka binne su da su. Wata 'yar can ce ta shirya wannan, don kowa ya ɗanɗana zama ɓarawon kabari.

Na ce, "Kin sani kika sa ni?"

Ta ce ai ita bayanta ke ciwo.

Ni da nake yi wa mata wankan gawa a masallacinmu, ga ni da kayan kabari a jaka. Ban shiga da ita ɗakina ba, a bakin matakala tukunyar ta yi ta kwana. Ranar hutuna na koma da ita.

Na tarar da mai abin, 'yar gajeruwa mai kitso biyu. Ta ce ba a maidowa, ɗaukar ita ce aikin. Wai ma ita ta gina tukunyar bara, babu gawar kowa.

Na ce, "'Yata, kin ce kabari ne ko ba ki ce ba?"

Ta ce ta ce.

"To na wa?"

"Na kowa da kowa."

Na ce wannan ai ya fi muni.

Ta ce a garinsu masu tonon sai sun zuba wa ƙasa giya sun nemi izini. Na ce giya ba da ni ba. Na tuɓe takalmi na shiga yashin, na haƙa rami har gwiwar hannu, na kwantar da tukunyar tana duban alƙibla, na rufe. Ina ɗagowa na ga an kewaye ni ana ɗaukar hoto. Wata ta tambaye ni ƙarfe nawa zan sake yi.

Ina kakkaɓe zanina wani dogon Bature da ya ga wurin ya zo ya tono ta, yana ta murna. Ban hana shi ba. Ni dai na mayar, kuma a gaban shaidu.