Firam Ɗin da Ya Riga Takarda Zuwa

Shekara talatin da ɗoriya ya yi a shago guda, yana yanka katako da gilashi, yana sa wa hotuna da takardun shaidar karatu firam, har kowa ya koma kiransa Mai Firam. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya ɗaukar zarto sai takarda ta zo hannunsa ya auna ta. In wani ya matsa masa ya yanka tun kafin a kawo, sai ya ce, "Ni ba na yi wa iska awo."

Shi kansa a aji huɗu ya bar makaranta. Ɗaruruwan takardun 'ya'yan mutane sun bi ta hannunsa, babu ko ɗaya ta gidansa, domin 'ya'yansa maza biyu sun watsar da karatu sun kama tuƙi. Saura Auta, mai shekara goma sha shida, wadda malamai ke yaba wa.

A kanta ya karya ƙa'idarsa. Saura shekara guda ta zauna jarrabawar gama sakandare, ya zaɓi katako mafi kyau a shagon, ya haɗa firam, ya sa masa gilashi, ya rataye shi babu komai a ciki, a bangon falo, daidai inda take fuskanta in an zauna cin abinci.

"Auta, ga gidanki can an gama gini," in ji babban wanta, yana dariya. "Saura ki tare."

Uban bai taɓa dukanta ba, bai kuma zage ta ba. Wannan ne ya sa har yau yake ganin ba shi da laifi. Sai dai kullum da yamma yakan goge gilashin da gefen rigarsa, ya tambaye ta, "Yau nawa kika ci?" In ta ce saba'in, ya ce, "Talatin ɗin fa, wa kika bar wa?"

Ta fara barin abinci a kwano. Daga ta biyu a aji ta koma ta tara.

"Malam, ka sauke abin nan," uwarta ta ce. "Yarinya ta zama kamar tsinke."

"Katako ne fa. Ya taɓa cizon ta?"

Ranar jarrabawa ta farko, Auta ta rubuta lambarta a saman takarda, ta kasa ƙara ko harafi ɗaya, ta zauna sa'a biyu tana kallon tambayoyin da ta san amsarsu. Haka aka yi a darussa huɗu. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da sakamako ya fito, uban yana shago. Ta sauke firam ɗin, ta zare ƙusoshin baya kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta shimfiɗa takardar sakamakon a ciki, ta mayar da komai, ta rataye. Sannan ta haɗa kayanta ta tafi gidan gwaggonta.

Da ya dawo ya tsaya gaban bango. Takardar ba ta cika firam ɗin ba. Fili ya rage ta kowane gefe, faɗin yatsu uku. Ya fara duba aikin, ya ga babu karkata, kafin ya karanta abin da ke ciki.

Mai sana'a ya san cewa abu ake aunawa, sannan a yanka masa mazauni. Wanda ya juya wannan tsari, dole ɗayan biyu: ko ya datse abin, ko ya zauna da giɓi. Mai Firam ya san haka game da takarda, bai san shi game da 'yarsa ba.

Yau shekara tara ke nan. Auta tana sayar da magani a wani kanti, tana zuwa gaishe su duk wata. A bakin ƙofar falo take durƙusawa.

"Shigo mana, Auta."

"Nan ma ya isa, Baba."

Firam ɗin yana nan a bango. Ya kasa sauke shi, ita kuma ba ta ce a sauke ba.