Yayen Ɗan 'Yar Japan

Shekaru da yawa baya, ƙanina yana aikin sauke motoci a tashar jiragen ruwa, sai kamfaninsu ya tura shi Japan ƙaro sani. Ya dawo da mata. 'Yar siririya, ta musulunta tun can, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Suka kama gida a unguwarmu ta Ammariyya, bayan layinmu. Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar jikoki cike da gida.

Tunda ta zo ban taɓa jin ta ce a'a ba. Ko me aka faɗa mata sai ta sunkuya ta yi murmushi, ni kuma na ɗauka ta yarda ke nan.

Da ɗanta na fari ya isa yaye, na je na yi mata bayani. A danginmu, tun kakanninmu suna Sudan, gwaggo ke ɗaukar ɗan fari ta yaye shi a gidanta, kuma ba lallai ya dawo ba. Ni ce gwaggon, ba ni da ɗa namiji, har katifa na saya masa. Ban tambaye ta ko tana so ba.

"Kin gane, amarya?"

Ta sunkuya. "Yaya, da ɗan wuya."

"Ba wata wuya. Halas, magana ta ƙare."

Ranar da aka sa, da kanta ta kawo shi, ta miƙo mini da hannu biyu. Sannan ta koma waje ta shigo da akwati, da shimfiɗa, da tukunyar shinkafarta mai aiki da lantarki.

"Wannan fa?"

"Na zo taya Yaya aiki. Yaro akwai wahala."

Ashe ta riga ta lura cewa mu ba ma korar baƙo, ba ma kuma tambayarsa yaushe zai tafi.

Tun asuba take goge gidan a durƙushe, har ƙarƙashin gadona. Ta ware wa banɗaki silifas nasa, maigidana ya manta ya fito da su falo, ta bi sawunsa da tsumma tana ba shi haƙuri. Ta karɓe girki: farar shinkafa ba mai ba gishiri, da romo kamar ruwan wanke kwano. Yajina ya ɓace, wai saboda yaro. Maƙwabta in sun zo hira sai ta durƙusa ta zuba musu koren shayi ba sukari, ta tsaya tana kallo sai sun shanye. Suka ɗauke ƙafa.

Na aika a kira mijinta. Ya zo har ya yi kumatu, yana ƙamshin gasasshiyar kaza.

"Ku riƙe su, Yaya, ni ba na sauri."

Wata Juma'a ta je kasuwar kifi, ta dawo ta yanka shi ɗanye, sala-sala, ta jera a faranti gaban maigidana. Kunya ta hana shi ƙi. Ya haɗiye idonsa na ruwa, ta ƙara masa. Da ta fita ya jawo ni gefe.

"Hajiya, don girman Allah ki mayar wa mutane ɗansu. Ɗanyen kifi fa nake ci a gidana."

Ni na goya yaron da kaina don in mayar da shi gidansu. A bakin ƙofa ta tsaya da tukunyarta a rungume, ta sunkuya.

"Yaya ta tabbata? Zan iya zama har azumi."

Na leƙa fuskarta, sai na ga leɓenta yana rawa.

"Yalla, wuce mu je, makira kawai!"

Ta yi gaba, kafaɗunta na girgiza. Kafin mu kai kwanar layi dariyar ta ƙwace mata, har mai shagon burodi ya leƙo.