Tunkiyar Wacera da Gautan Kura

Wacera ba bokanya ba ce, duk wanda ya ce haka ƙarya yake yi. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu ya bar ta a wani ƙauye bayan garin Nyeri, da 'yar gonar masara da wake, da tunkiya ɗaya tal mai kwana a ɗakinta. Abin da ya raba ta da sauran mata shi ne gautan kurar da ta bari ya zama shinge a bayan gida, wanda muke kira mutongu. Kowa sare nasa yake yi saboda ƙaya. Ita kuwa tun tana ƙarama ta ga kakarta na aiki da shi: saiwa ga mai murɗar ciki, ruwan 'ya'yansa masu launin rawaya ga haƙori mai rami, ɗigo biyu a hancin tunkiya mai tari.

"Ɗigo biyu fa," take cewa kullum. "Wannan ba shayi ba ne, kisa yake yi."

Shekara da shekaru ana jawo dabbobi ƙofarta, na gode ma ba kowa ke faɗa ba.

Wata damina mai sanyi ciwon gwiwa ya kwantar da ita. Maƙwabcinta Gitonga na da tumakin da ya ware na sadakin ɗansa Macharia, ga ranar kai su ta matso, ga su suna tari. Girman kai ya hana shi tambayar tsohuwa. Ya tsallaka shingenta, ya ciko ƙwarya da 'ya'yan gautan, ya matse, ya ɗura musu ta baki kamar kunu. Kafin la'asar, tumaki biyu sun kumbura, suna dalalar yawu, suka mutu.

Da dattawa suka zauna a gindin ɓaure, sai da aka riƙo Wacera aka kawo ta.

"Shukarta ce, maganinta ne," in ji Gitonga. "Yadda take yi na yi."

"Haba Baban Macharia, ji kunya mana! Hanci ka ga ina sawa ko baki? Gemu har ƙirji, ba ka san hancin tunkiya ba?"

Mata suka rufe baki suna dariya. Wannan dariyar ce ta kayar da ita. Dattawan nan duk an gayyace su bikin, ba za su bari a muzanta mai gayya a gaban mata ba.

"Iya, ba wanda ya ce da gangan ne," in ji babbansu, idonsa a ƙasa. "Amma a bayan ɗakinki gubar ta girma. Dabba ta faɗi, dabba ke maye gurbinta. Ki ba da tunkiyarki a cika sadaki, magana ta mutu."

Ba wanda ya tambayi Gitonga wa ya ba shi izinin shiga gidan mutane. Ko ɗaya.

Washegari samari suka zo da igiya. Tunkiyar ta kafe ƙafa, suka ja, suka tura, har igiya ta fara shaƙe ta.

"Ku sakar mata wuya, marasa tausayi," Wacera ta ce.

Ta dogara sanda, ta kira ta a hankali. Tunkiyar ta bi ta, tana shinshina zanenta, har cikin garken Gitonga. Wacera da kanta ta ja ƙyauren ta rufe. Ta juyo gida, kukan na bin ta a baya, ba ta waiwaya ba.